Baturen Suwidin da ya rubuta Diwani: aro Gunnar Ekelöf ya yi ko shiga gonar wani?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon wani Bature ɗan ƙasar Suwidin na kawo mana, Gunnar Ekelöf, marubucin waƙa kuma mai fassara. An haife shi a Stockholm a 1907, ya mutu a garin Sigtuna a watan Maris na 1968. A ƙasarsu yana cikin manyan da suka rushe tsohuwar ƙa'idar waƙa suka shigo da salon zamani. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauko shi ba. Littattafansa uku na ƙarshe su ne suka tsaya mini a rai. Na farko ya fito a 1965, ya kira shi Diwani, diwanin wani basarake na Emgión. Na biyu a 1966, labarin wata mace mai suna Fatumeh, wanda ya raba gida biyu, ɗaya Nazm ɗaya Tesbih, wato tasbaha. Na uku a 1967, jagora ne zuwa duniyar matattu. Mutumin nan ba Musulmi ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. To, aro ya yi ko shiga gonar wani?

Ƙanin Kowa: Wa alaikumus salam. Malam kullum sai ka je bangon duniya ka kwaso mana wanda ko sunansa ba ma iya faɗa. Na dai shimfiɗa tabarma, ina jiran Baffa.

Mai Carbi: Ga ni, ɗana. Malam, tun kafin a yi nisa ina da magana biyu. Diwani abu ne mai tsari, waƙoƙi ne masu kari da amsa-amo, har ana jera su bisa harafin ƙarshe. Na tabbata wannan Baturen ba shi da ko ɗaya. Ta biyu kuma, mutum ya rasa sunan da zai sa wa macen labarinsa sai Fatuma? Wace irin mace ce a littafin?

Malamin Adabi: Allah ya gafarta Malam, ba zan ɓoye maka ba. Yarinya ce da wani basarake ya so, daga baya rayuwa ta juya mata baya, ta ƙare a karuwanci da tsufa da talauci. Ba izgili yake mata ba, da bakinta ma yake magana a wurare da yawa, kuma duk littafin tausayinta ne. Batun kari da amsa-amo kuwa gaskiyarka, babu su irin yadda muka sani.

Mai Carbi: To ka ji. Ni ban ga abin muhawara ba kuma.

'Yar Damagaram: Baba, a yi haƙuri a bari mu fara daga farko, don in aka fara daga ƙarshen rayuwar mutum ba a yi masa adalci ba. Ni ta hanyar Faransanci na san shi. Ekelöf ɗan masu kuɗi ne. Ubansa dillalin hannun jari ne, ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya mutu a 1916 yaron na ƙarami. Uwar kuma ba ta cika zama da shi ba. Da ya gama sakandare bai nufi lauya ko likita ba, sai ya tafi Landan makarantar koyon harsunan Gabas a 1926, ya dawo gida jami'ar Uppsala ya ci gaba da Farisanci da Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Bai kammala digiri ba. Wato tun yana ɗan shekara sha tara hankalinsa ke Gabas, ba wai da tsufa ya ga kasuwa ya faɗa ba. Daga nan ya tafi Faris, babban birnin Faransa, wajen 1929 da niyyar koyon kiɗa, sai waƙa ta kama shi a can. Littafinsa na farko, sent på jorden, ya fito a 1932, ko babban baƙi babu a sunan. Shi da kansa ya kira shi littafin kisan kai. Masu sharhi na lokacin da yawa dariya suka yi masa.

Uwar Biyu: Ku bar ni in shigo nan, don nan ne fagena. Fassara nake ci da ita, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin mutumin nan shi ne yadda ya zama mai fassara. A wannan shekarar ta 1932 ne kamfanonin Ivar Kreuger suka durƙushe, wanda ake kira sarkin ashana, attajirin da ya mamaye cinikin ashana a ƙasashe da dama. An tsinci gawarsa a Faris a watan Maris, dukiyar mutane da yawa a Suwidin ta bi ruwa, har da gadon Ekelöf. Ɗan gata ya wayi gari sai ya nemi na tuwo. Da me? Da alƙalami: sharhin littattafai, rubutu a jaridu, da fassara.

Ƙanin Kowa: Wato ashana ce ta ƙone gadon. Allah ya kyauta.

Uwar Biyu: Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci. Abin da nake so ku lura, bai yi fassarar don kuɗi kawai ba. A 1933 ya fitar da tarin waƙoƙin 'yan sureyal na Faransa, masu rubutu kamar a mafarki, cikin harshen Suwidin, a 1934 kuma ya fitar da wani tarin na waƙar Faransa ta shekara ɗari. Duk wanda ya taɓa zama da baiti guda yana juya shi har asuba ya san babu makarantar da ta kai wannan. Mai karatu yana wucewa ta kan waƙa ne, mai fassara kuwa sai ya kwance ta gaɓa-gaɓa ya sake ɗaurawa. Don haka ni a wurina mutumin nan duk rayuwarsa abu ɗaya yake yi, ɗauko muryar wasu ya ga ko za ta zauna a bakinsa. Diwanin ma ci gaban wannan aikin ne.

'Yar Damagaram: Haka ne Yaya. Su Rimbaud da Baudelaire da Robert Desnos duk sun bi ta hannunsa. Kuma ga abin da mutane ke mantawa, a lokacin Suwidin a gefe take a harkar adabi, abin da ake yi a Faris sai ya daɗe bai iso ba. Wata mujalla ce mai suna Spektrum, wadda su Karin Boye ke ciki, ta riƙa buɗe ƙofa, kuma kamfaninta ne ya buga littafinsa na farko. Bayan nan shi da Artur Lundkvist suka yi wata mujallar, Karavan. Sai dai laƙabin ɗan sureyal da aka manna masa bai daɗe yana ɗauke da shi ba, daga baya ya ja jiki. Su 'yan sureyal na cewa a saki alƙalami ya zuba abin da ya ga dama kamar mafarki. Shi kuwa mutum ne mai komawa kan rubutunsa yana gyara shekara da shekaru.

Mai Carbi: Duk na ji. Fassarar Faransawa tsakaninsu ne, Bature ya ari na Bature. Ni maganata a kan namu take.

Baƙon Uppsala: Salamu alaikum, na makara, yanzu na fito daga ɗakin gwaji. Baffa, ni ba ɗan adabi ba ne, amma a garin da ya yi karatu nake zaune, Sigtuna kuma ba nisa, ɗan ƙaramin tsohon gari ne a bakin tafkin Mälaren, tsakaninmu da Stockholm. Abu ɗaya zan ƙara. A watan Disamba a nan, ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya shiga. La'asar da magariba kusan a jere muke yin su. Mutane ba sa gaisawa a hanya, maƙwabcinka sai ku shekara ba ku wuce ɗaga kai ba. Komai a tsare, komai a kan lokaci, gwamnati ta ɗauke maka asibiti da makaranta, amma kaɗaici kamar ya kashe ka. Da na karanta littafinsa na 1945, Non serviam, inda yake cewa shi baƙo ne a ƙasar nan amma ƙasar ba baƙuwa ba ce a cikinsa, wallahi sai na ajiye littafin na yi shiru. Ɗan ƙasa ne ke faɗin abin da ni baƙo nake ji. A lokacin ana ta gina tsarin walwalar jama'a da suke alfahari da shi, shi kuwa yana cewa ran mutum fa?

Mai Carbi: Me sunan littafin ke nufi?

Baƙon Uppsala: Latin ne, ba zan yi bauta ba. A al'adar Kiristoci Iblis ake jingina wa maganar.

Mai Carbi: A'uzu billahi. Malam, ka ga irin mutumin da ka kawo mana? Mai aron bakin wanda ya ƙi sujada, shi ne kuma zai zo ya ɗauki tasbaha?

Ƙanin Kowa: Baffa kwantar da hankalinka, wanda ya ce ba zai yi bauta ba a 1945, a 1958 sai ga shi a kujera ta 18 ta Majalisar Adabin Suwidin, masu raba Nobel. Ko a can ma in kujera ta zo ba a ƙi.

Malamin Adabi: Ƙanina wannan karon ka yi bincike. Haka ne, kuma da ya mutu abokinsa Lundkvist ne ya gaji kujerar. Amma bari in amsa wa Malam da gaske, don tambayarsa ba ta wasa ba ce.

Bautar da ya ƙi ba ta Ubangiji yake nufi kai tsaye ba, bautar jam'iyya ce da aƙidar siyasa da taron yuyuyu. Ku tuna zamanin. Littafinsa Färjesång ya fito a 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya, Jamus ta mamaye Norway da Denmark, Suwidin na tsakiya tana lallaɓawa. Kowa na cewa ko kana nan ko kana can. Shi kuma ya dage cewa akwai matsayi na uku, na mutum shi kaɗai wanda ba ya bin garke. Ana iya cewa wannan gudun nauyi ne, an ma faɗa masa haka. Amma ba raina addini ba ne.

Batun namu kuwa, ga abin da na sani. Tun yana ɗalibi ya ci karo da Tarjumanul Ashwaƙ na Ibn Arabi, ta fassarar Ingilishi da Nicholson ya yi a 1911, littafin ya zauna masa a zuciya har tsufa. Malam ya fi ni sanin littafin nan. Waƙoƙin bege ne ga Nizam, 'yar wani malami Bafarise a Makka, har aka zargi Shehin da waƙar soyayya, ya zauna ya rubuta sharhi yana nuna ma'anar ɓoye. Wannan abin, mace wadda ita ce kuma ba ita ba ce, shi Ekelöf ya ɗauka. A littattafan nan uku akwai wata mace da ake kira da sunaye daban-daban, wani lokaci uwa, wani lokaci 'ya, wani lokaci masoyiya, ba ta da iko, ba ta hukunci, tausayi kawai take da shi.

Mai Carbi: Shehu Muhyiddini Ibn Arabi ya yi sharhi ya mayar da komai ga Allah. Shi wannan ya mayar ga wa?

Malamin Adabi: Nan kam ka kama ni a wuya. Bai mayar ga Allah ɗaya ba. Wani lokaci ma ga Babu yake mayarwa.

Mai Carbi: To ai shi ke nan. Ya ɗauki kwanon ya zubar da tuwon.

'Yar Damagaram: Baba, ban yarda ya zubar ba, nasa ya zuba. Kuma Diwanin ma ba a ƙasar Musulmi tsantsa yake ba, a kan iyaka yake. A 1965 ya je Santambul, yana fama da rashin lafiya da shan giya da ya daɗe yana cin sa. Ya ziyarci Blachernae, inda tsohuwar fadar sarakunan Rumawan Gabas take, da wata majami'a mai maɓuɓɓugar ruwa da Kiristoci 'yan Girka ke neman tabarruki. A nan waƙoƙin suka ɓarke masa, ya riƙa rubutu kamar ana yi masa shifta. Basaraken Emgión ƙirƙirarsa ce, mai tsaron iyaka ne tsakanin Rumawa da Musulmi, aka kama shi aka jefa kurkuku aka makantar da shi. Zamanin yaƙin Manzikert ne na 1071, wanda Turkawan Saljuƙ suka ci Sarki Romanos, shi ma sarkin daga baya mutanensa suka makantar da shi. Makaho a kurkuku, ba shi da kowa, yana kiran wata uwa da ba ya gani. Littafin ke nan. Ya ci kyautar adabi ta Majalisar ƙasashen Nordik, wato na arewacin Turai, a 1966.

Akwai wata waƙa a ciki da nake so ku gani kusa. Hoton Maryam ne na katako, baƙi ƙirin, an zagaye shi da azurfa. Masu ziyara sun sumbace shi shekaru aru-aru har azurfar ta cinye, fentin ya goge, fuskar ta ɓace. Waƙar ɗango ɗaya take ta maimaitawa, kowane zagaye ta sauya kalma ɗaya ko biyu, ta sake dawowa. Kafin ka kai ƙarshe ka daina karantawa, jan ta kake yi da numfashi. A ƙarshe abin da ya rage duhu ne, kuma duhun ake sumbata. Ni da na karanta da Faransanci sai da na ji kamar ana wuridi a ɗakin kusa.

Mai Carbi: 'Yata, gunki fa kika siffanta mini.

'Yar Damagaram: Hoto ne da ya goge, Baba. Waƙar a kan gogewar take.

Mai Carbi: Mu ba mu jira ya goge ba, tun farko ba mu zana ba. Amma na ji abin da kike nufi. Maimaici yana da aikinsa a zuciya, wannan kowane mai lazimi ya sani. Sai dai shi ya tsinci abin a hanya, mu kuwa da izini muka karɓa, hannu da hannu.

Uwar Biyu: Baffa, da girmanka, in ana maganar aro mu ma fa mu duba gida. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu, mai ita Alfazazi mutumin Andalus ne, zamani ɗaya da Ibn Arabi, ƙasa ɗaya. Karin waƙar da malamanmu suka ɗora Hausa a kai daga arulin Larabawa ya zo. Tahamisi kansa mene ne in ba ɗaukar baitin wani ka gina naka a kansa ba? Ba mu taɓa kiran wannan sata ba.

Mai Carbi: Saboda mun ɗauka da imaninsa, Hajiya. Ba mu ɗauki rigar muka bar mai rigar ba.

Malamin Adabi: Kuma ba shi ya fara ba a Turai. Goethe na Jamus ya fitar da nasa Diwanin a 1819 bayan ya karanta Hafiz, mawaƙin Farisa. Bambancin da nake gani, na Goethe akwai annashuwa da wasa, na Ekelöf kuwa mutum ne da ke jin mutuwa na matsowa. Sankarar maƙogwaro ce ta kashe shi shekara uku bayan tafiyar Santambul.

Baƙon Uppsala: Kuma ba a Suwidin ya so ya kwanta ba. An ƙone gawarsa, aka kai tokar Sardis, tsohon birni a yammacin Turkiyya. Matarsa Ingrid ce ta riƙa tattara abin da ya bari tana bugawa bayan mutuwarsa.

Mai Carbi: Ƙonewa kuma. Inna lillahi. Ku dai kuna ta ƙara mini hujja.

Ƙanin Kowa: Ni tambayata ɗaya, akwai littafinsa da mutum irina zai karanta bai yi barci ba?

Malamin Adabi: Ka guji En Mölna-elegi na 1960. Ya fi shekara ashirin yana aikinsa, kuma duk abin da ke ciki a cikin daƙiƙa ɗaya yake faruwa, mutum na zaune a bakin ruwa a Mölna kusa da Stockholm, zamanai na ratsa kansa. A wani sashe shafin hagu Latin ne, rubuce-rubucen bango irin na Pompeii, tsohon birnin Rumawa, wasu ma batsa ce zalla, shafin dama kuma harshen Suwidin. Ni kaina ina ganin a nan ya wuce gona da iri, littafi ne na malaman jami'a. Ka fara da Strountes na 1955, wanda ya sa wa suna shirme da gangan, gajeru ne kuma akwai ban dariya.

Uwar Biyu: Kafin a tashi, kada a manta da Nelly Sachs, don ita ce ta nuna mini irin mai fassarar da yake. Bayahudiya ce mawaƙiya daga Berlin, ta tsere zuwa Stockholm da mahaifiyarta a 1940, saura ƙiris 'yan Nazi su kwashe su. Ta rayu a ɗan ƙaramin ɗaki tana fassara mawaƙan Suwidin zuwa Jamusanci don ta ci abinci, Ekelöf na cikinsu. Shi kuma ya mayar da biki, ya fassara nata zuwa harshen Suwidin, littafin ya fito a 1966, shekarar da ta sami Nobel. Yana cikin ciwo, yana tsakiyar rubuta nasa manyan littattafan, ya ware lokaci ga waƙar wata. Ɓarawo ba ya haka.

Amma akwai inda zan ba Baffa gaskiya. Ibn Arabin da ya shiga ransa ta Ingilishin Nicholson ya bi. Mu kuma yawancinmu ta Ingilishi ko Faransanci muke karanta Ekelöf. W. H. Auden da ya fassara waƙoƙi daga Diwanin da Fatumeh zuwa Ingilishi bai ƙware a harshen Suwidin ba, Leif Sjöberg ne ke ba shi ma'ana shi kuma ya gyara ta zama waƙa. Ku ƙirga hannu nawa abin ya bi kafin ya iso zauren nan. A cikinmu duka Baffa ne kaɗai zai iya buɗe Tarjuman da Larabcinsa ya gaya mana me ya zube a hanya.

Mai Carbi: Ina da shi, bugun Beirut, da sharhin a ƙasa. 'Yar Damagaram ta turo mini waƙar hoton nan da Hausa, da biyu ko uku daga na Fatuman, in ajiye su gefe da gefe in gani. Amma da sharaɗi, ta sa musu kari da amsa-amo, in ba haka ba zance zan karanta ba waƙa ba.

'Yar Damagaram: Zan turo, Baba, amma ba zan sa amsa-amo ba. Shi bai sa ba, in na sa na yi masa ƙarya.

Uwar Biyu: Ki yi guda biyu mana, ɗaya sake ɗaya ɗaure. Baƙon Uppsala ya duba miki asalin, don Faransancin ma ba a san inda ya kauce ba.

Baƙon Uppsala: Harshen nawa na sayen burodi ne da hawa jirgin ƙasa, amma akwai wata tsohuwa a sashenmu da ta haddace waƙoƙinsa, zan kai mata. Ku ba ni zuwa Lahadi.

Mai Carbi: Na ɗaure nake jira. Na saken ku ba Ƙanin Kowa.